Ɗana zai kwana bakwai a sansanin daji cikin damina: yaya zan shirya shi?

Tambaya: Ɗana yana da shekara 11. Makarantarsu za ta kai su sansanin dogon hutu a gindin duwatsun Shere, kusa da Jos, a watan Agusta. Kwana bakwai za su yi, da barci a tanti, da hawan dutse, da tafiyar ƙasa. Mu mazauna Kano ne, kuma bai taɓa kwana a wani wuri ba sai gidan kakarsa. Saura wata guda. Me zan saya masa, kuma yaya zan shirya shi?

Amsa: Hajiya, wata guda ya ishe ki, in har cikin makon nan za ki fara. Sayayya ita ce mafi sauƙi a cikin aikin, don haka mu ajiye ta tukuna. Yaran da suka fi shan wahala a sansani galibi su ne waɗanda aka cika wa jaka da sabbin kayan da ba su saba da su ba: takalmin da aka ciro daga kwali daren tafiya, tocilar da yaro bai san yadda ake canja mata batir ba, gidan sauron da bai taɓa ɗaurawa da hannunsa ba. Duk abin da ɗanki zai yi a can, ya kamata a ce ya riga ya yi shi a tsakar gidanki, kina zaune kina kallo ba ki sa masa hannu ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kafin nan, akwai abin da ya fi jaka muhimmanci: a hannun wa za ki damƙa shi? Ki taka zuwa makarantar da ƙafarki, kada ki tsaya a saƙon WhatsApp. A Shere akwai daɗaɗɗiyar makarantar horar da shugabanci ta gwamnatin tarayya, wadda jama'a suka fi sani da Man O' War. Tun 1951 aka fara irin horon nata a gaɓar teku kusa da garin Victoria, Limbe ta Kamaru a yau. Ki tambaya ko a harabarta yaran za su sauka, ƙarƙashin malaman da sana'arsu ke nan, ko kuwa makarantar ɗanki ce za ta kafa tantunanta a wani fili tare da malaman aji. Bambancin ba ƙarami ba ne. Wanda ya iya koyar da lissafi ba lallai ne ya iya ɗaura igiyar da za ta riƙe yaro a jikin dutse ba. In akwai hawa da igiya, ki ji wa zai ɗaura, wane horo ya samu, kuma ko akwai hular kwano da ɗamara daidai jikin yara.

Sai yawan manya. Ƙungiyar da ke tantance sansanonin yara a Amurka ta ajiye babba 1 ga yara 8 masu shekara 9 zuwa 14 a sansanin kwana, kuma wannan ma'auni ne mai kyau a ko'ina. A ƙirgen kada a sa direba da masu girki. Ki tambayi inda manyan za su kwana: tantinsu ya zama kusa, inda za su ji kukan yaro, amma ba a cikin tanti ɗaya da yara ba. Ƙa'idar da ta fi kare yara a irin wannan taro ita ce babba ɗaya ba ya keɓewa da yaro ɗaya, ko da rana ko da dare. Wannan magana sai kin yi ta da ɗanki ma, a fili, ko mahaifinsa ya yi: ba wanda ke da ikon taɓa al'aurarsa ko ya ce ya tuɓe, malami ne ko babban ɗalibi, kuma duk wanda ya ce masa "kada ka faɗa wa kowa", to wannan ne abin da zai fara faɗa. Ki tabbatar masa cewa ba za a yi masa faɗa ba in ya yi magana.

Ki ji ko akwai ma'aikacin jinya da zai kwana tare da su, ko akwai mota da mai a cikinta da direba a wurin da dare, wane asibiti ne mafi kusa, minti nawa ne zuwa can, kuma a ina ake samun allurar dafin maciji. Kada ki ji nauyin tambayar tsaro. Jihar Filato ta sha fama da rikici, hanyoyinmu ma ba yadda suke a da ba. A yi tafiyar da rana tsaka, zuwa da dawowa. Jami'an tsaro da masu sarautar yankin su san da zuwan yaran. A samu masu gadi da dare, da lambar mutum biyu da za ki iya kira, da sharaɗin da za a fasa tafiyar in al'amura suka canja. Dukkanmu ga Allah muka dogara, amma mai ɗaukar 'ya'yan mutane zuwa daji dole ya iya amsa waɗannan dalla-dalla. In ya kasa, ko ya fusata da tambayar, kada yaron ya je, ko da kin riga kin biya kuɗi.

Mako uku kafin tafiya ki kai shi asibiti, ko da lafiyarsa ƙalau. A auna nauyinsa a rubuta, domin da nauyi ake ba yaro magani: farasitamol miligiram 10 zuwa 15 ne a kan kowane kilo, kuma ba a wuce sau 4 cikin awa 24. Asfirin ba a ba yaron da bai kai shekara 16 ba. A duba katin rigakafinsa, musamman ta tetanos, saboda ƙaya da tsohon ƙarfe da ƙujewa a ƙasa. In ba a taɓa yi masa gwajin sikila ba, yanzu ne lokacin. Abubuwa huɗun da ke tayar wa mai SS da ciwo duk suna nan a Shere: sanyi, ƙarancin ruwa a jiki, gajiya mai tsanani, da tudu inda iskar shaƙa ta ɗan ragu. Irin wannan yaron likitansa ne kaɗai zai ce ya je ko kada ya je. Mai asma ya tafi da abin shaƙarsa irin Ventolin guda biyu, ɗaya a aljihunsa kullum, ɗaya a hannun nas, domin iska mai sanyi da hayaƙin wutar itace suna tayar da ita. Mai farfaɗiya kuwa, ruwa da tsayi ne haɗarinsa. Iyaye da yawa sukan ɓoye irin waɗannan larurori don kunya ko don kada a hana yaro tafiya, kuma ɓoyewar ce take jawo matsala, domin ana barin yaron ya hau inda bai kamata ba, ba mai lura da shi. Duk wani magani a bar shi a kwalinsa na asali, a sa a leda da sunan yaro, a rubuta adadi da lokaci a takarda, a damƙa hannu da hannu.

Yanzu ga abin da mutanen Kano suka fi rainawa: sanyi. Garin Jos yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200 daga teku, ƙololuwar Shere kuwa ta haura mita 1,800. Yuli da Agusta su ne tsakiyar damina a can, ruwa kan zo kusan kullum, wani lokaci da hazo da yayyafi na wuni guda, dare kuma kan sauka wajen digiri 17. Za ki ce hunturun Kano ma ya fi haka, kuma gaskiya ne. Amma sanyin hunturu busasshe ne, yaro yana cikin ɗaki da bargo. Jiƙaƙƙen tufafi yana zuƙe ɗumin jiki da sauri fiye da busasshe nesa ba kusa ba, in iska ta haɗu da shi a kan dutse sai abin ya ninka, jikin yaro kuma ya fi na babba saurin yin sanyi. Saboda haka rabin shirin kayansa a kan abu ɗaya yake: kada ya kwana a jiƙe.

Yadin auduga in ya sha ruwa yakan riƙe shi ya manne a jiki. Wandon jins sai ya yi kwana biyu bai bushe ba a irin wannan yanayi, ga nauyi, ga goge cinya. Ki bar su a gida, haka ma shadda. Rigunan ƙwallo da wandunan motsa jiki su ne daidai, don suna bushewa cikin ɗan lokaci. Ba sai sababbi ba, na gwanjo sun wadatar, kuma ba za ki ji zafi ba in sun dawo da taɓo. Na kwana bakwai: riguna 5, biyu daga ciki masu dogon hannu, dogayen wanduna 3, kamfai 7, safa ƙafa 8, rigar sanyi 2, ta ulu ko irin mai laushin nan da ba ta shan ruwa, hular sanyi, hana-salla, ƙaramin tawul, don babba ba ya bushewa, sai ya yi wari, da rigar ruwa mai hula wadda ta sauko har cinya, mai faɗin da za ta hau kan rigar sanyi. Lema ba ta da amfani a kan dutse. Ki koya masa sa kaya hawa-hawa: riga a ciki, rigar sanyi a tsakiya, rigar ruwa a waje. In ya fara hawa ya ji zafi, ya cire ta tsakiya kafin ya yi gumi, in aka tsaya hutawa ya mayar. Gumi ma jiƙa ne.

Babu jakar da ruwan Agusta ba ya ratsawa. Ki buɗe babbar leda mai kauri a cikin jakar, a zuba komai a cikinta, a murɗe bakinta a lanƙwasa. Kayan kowace rana kuma a ƙulle su a ƙaramar ledarsu, da wasu ledoji 3 ko 4 na jiƙaƙƙun kaya da masu datti. Sannan a ware kaya saiti ɗaya na barci kaɗai: riga mai dogon hannu, wando, safa mai kauri, hular sanyi. Waɗannan ba sa fita daga tanti ko me ya faru. Da safe ya cire su ya mayar cikin leda, ko da hakan na nufin ya sake sa wandon jiya mai ɗanshi. Yara sukan ƙi wannan, su fita da kayan barcinsu don sun fi daɗi, ruwa ya dake su, dare ya yi babu busasshen abin sawa. In kun gama shiryawa, ku gwada: a ajiye jakar a tsakar gida, ya sheƙa mata bokitin ruwa, ya buɗe ya gani da idonsa abin da ya jiƙe. Shi zai shirya jakar da hannunsa, ke kina karanto masa jerin kayan, don ya san inda komai yake a cikin duhu. A rubuta sunansa da alƙalamin maka a kan komai, har silifa da buta.

Sanyin dare daga ƙasa yake tasowa. Bargo uku a sama ba su kai shimfiɗa ɗaya mai kauri a ƙasa amfani ba. Ana so a samu shimfiɗar roba, sannan siririyar katifar soso ko tabarmar roba mai kauri a kanta, sannan bargo ko jakar barci. Ki tambayi makaranta wanne za su bayar. Robar da ake shimfiɗawa ƙarƙashin tanti kada bakinta ya leƙo waje, domin takan tari ruwan da ke gangarowa ta kai shi ƙarƙashin yara. Kada ya jingina jaka ko bargo da bangon tanti lokacin ruwa, don daga inda aka taɓa ruwa yake fara tsattsafowa. Kuma komai sanyi, ba a shiga tanti da garwashi, ko kyandir, ko maganin sauro mai hayaƙi. Tanti yakan kama da wuta cikin ƙiftawar ido, garwashi kuwa yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci. Ya san alamun sanyi ya shiga jiki, a kansa da a kan abokinsa: rawar ɗari mai ƙarfi, magana tana harɗewa, tuntuɓe, yatsu sun kasa ɗaura igiyar takalmi, jin barci da rana. In rawar ɗarin ta tsaya alhali yaron yana jiƙe kuma ya rikice, abin ya ƙara muni ne. A cire masa jiƙaƙƙun kaya, a naɗe shi, a ba shi shayi mai ɗumi da sukari in yana cikin hayyacinsa, a nufi asibiti.

Takalmi a sayo shi cikin makon nan. Kambas mai ƙwarin tafi da zanen da ke kama ƙasa ya isa, domin dutsen Shere in ya jiƙe santsi gare shi. Ku je kasuwa da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ya gwada da safar da zai sa a can, a bar tazarar faɗin babban yatsa tsakanin yatsunsa da bakin takalmin. Wanda ya matse yakan daki farce wajen gangarowa har ya yi baƙi, wanda ya yi yawa yakan goge dunduniya. Ya riƙa tafiya da shi kullum da jakarsa a baya, daga minti 20 a makon farko har ya kai awa guda da rabi a na ƙarshe, da hawa bene in akwai. Bororo ba ya fitowa kwatsam: wurin yakan fara yin ja da zafi. A nan ne zai tsaya ya manna filasta, ba sai ya kumbura da ruwa ba. In ya riga ya kumbura, kada ya fasa. Akwai abin da ake yawan mantawa: yaron da ke alwala sau biyar yana mayar da safa a kan jiƙaƙƙiyar ƙafa, fatarsa takan yi laushi ta saɓule da wuri. Ya goge ƙafa sosai har tsakanin yatsu kafin ya sa safa. A yanke masa farce kwana biyu kafin tafiya. Silifa na wanka ne kawai, ba a yawo da shi a ciyawa.

Jakar da zai goya wajen tafiyar ƙasa kada ta wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyinsa. Yaro mai kilo 35, kilo 3 da rabi zuwa 5 ke nan, kuma lita ɗaya ta ruwa kaɗai kilo guda ce. Ruwa, rigar ruwa, rigar sanyi, abin taɓawa, tocila, usur, filasta: shi ke nan. Tocila a samu irin wadda ake ɗaurawa a goshi, da ƙarin batir a leda. Mai caji takan mutu a dare na biyu, babu inda za a jona ta.

Tudun Jos bai hana sauro ba, kuma mai kawo zazzaɓin cizon sauro daga magariba zuwa asuba yake cizo. Ya tafi da gidan sauro mai magani. In sabo ne, a shanya shi a inuwa awa 24 kafin a kwana a ciki, in ba haka ba yakan sa fuska zafi da ƙaiƙayi. Ya koyi ɗaura shi da cusa bakinsa ƙarƙashin shimfiɗa. Man korar sauro mai sinadarin DEET kashi 20 zuwa 30 ya dace da shekarunsa: a fatar da ke buɗe kawai, ban da tafin hannu, ido, baki da inda ya ji ciwo. Da magariba ta yi ya sa dogon hannu da safa.

Gudawa tana cikin cututtukan da suka fi kwantar da yara a sansani, kuma daga ruwa da hannu take zuwa. Ki tambayi ruwan da za su sha. In ba na leda ko na gora ba ne, to a tafasa shi ya yi minti guda yana ɓararraka, ko a sa masa maganin tsaftace ruwa a jira minti 30. Ruwan rafi komai haskensa ba na sha ba ne. Ya tafi da gorarsa ta lita ɗaya, da kofi da kwano da cokali nasa, da sabulu a cikin ƙaramin gwangwani. Cikin sanyi yara ba sa jin ƙishirwa, sai ciwon kai da kasala su biyo baya. Ya sha kusan lita 2 a wuni, ya riƙa duba fitsarinsa: in ya yi duhu, ruwa ya yi kaɗan. Ki sa masa ƙullin ORS, wato garin haɗa ruwan gishiri da sukari na masu gudawa, guda 4. Kowanne a lita ɗaya ta ruwa mai tsafta ake damawa, a zubar da saura bayan awa 24. In babu, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya. In bai saba da masan tsuguno ba, ya saba tun yanzu, domin akwai yaran da ke riƙe bayan gida kwana uku don ƙyama ko tsoron duhu har ciki ya murɗe. Abin taɓawa kuwa, dabino, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, kilishi da biskit sun fi komai jure tafiya, amma a cikin roba mai murfi, kuma ba a ci a cikin tanti. Ɓurɓushi ne yake gayyato tururuwa da ɓera, maciji kuma ɓera yake bi.

Maganar maciji a yi ta ba tare da tsoratarwa ba. Ba ya farautar mutum, taka shi ake yi ko a kai hannu inda yake. Dokokin kaɗan ne: ba a zura hannu a rami ko ƙarƙashin dutse, ba a ɗebo itace da dare, ba a fita fitsari ba takalmi da tocila, a kakkaɓe takalmi da bargo kafin a sa saboda kunama, a zuge zif ɗin tanti a kowane shiga da fita. Kububuwa ƙarama ce, launinta ya saje da ƙasa, cizonta kuma yakan zama kamar ba komai da farko, daga baya jini ya ƙi tsayawa. Shi ya sa ake kai duk wanda maciji ya sara asibiti, ko ya ce ba ya jin komai. Ba a ɗaure wurin da igiya, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɓata lokaci wajen neman macijin. A cire agogo da duk abin da zai matse in wurin ya kumbura, a hana gaɓar motsi, a ɗauki yaron, kada ya taka. Cibiyar lafiya ta Zamko a yankin Langtang da asibitin Kaltungo a jihar Gombe sun yi suna wajen wannan jinya, amma dukansu da nisa daga Shere, don haka masu sansanin su san wuri na kusa tun kafin su tashi. In maciji ya tofa dafi a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa nan take.

Tsawa ma babban haɗari ce a kan dutse cikin damina. Ƙara tana cin kilomita ɗaya cikin daƙiƙa 3, don haka in tsakanin walƙiya da tsawa bai kai daƙiƙa 30 ba, hadarin yana cikin kilomita 10, lokacin sauka ya yi. Ba a fakewa ƙarƙashin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai, ba a tsayawa a ƙololuwa. Tanti ba ya kare mutum daga aradu, gini ko mota mai rufin ƙarfe ne mafaka, kuma a jira minti 30 bayan tsawa ta ƙarshe. Rafin da aka tsallake da safe yana iya cika da yamma saboda ruwan da aka yi a saman tudu, kuma ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babba. Ba ya shiga ruwa sai da izinin malami. Kududdufi da ruwan da ba ya gudu sosai kuwa a guje su gaba ɗaya, saboda tsargiya.

In ya ɓace wa 'yan'uwansa, abu ɗaya zai yi: ya tsaya inda yake. Yaron da ke ta tafiya yana neman hanya shi ne yake wahalar samu. Ya sa rigar ruwansa, ya busa usur sau uku, ya saurara, ya maimaita. Usur ɗin a wuya yake zama ko a maƙale da riga, ba a cikin jaka ba. Ku yi wannan atisaye a gida har ya zame masa jiki. Ya haddace lambar wayarki, a kuma rubuta ta da ta mahaifinsa da lambar gaggawa 112 a kati cikin leda a aljihunsa.

Kewar gida kusan kowane yaro yana yi, kuma da magariba take tasowa, ta fi ƙarfi a dare na biyu da na uku. Ba rauni ba ne, ki faɗa masa haka tun yanzu, don kada ta zo masa a ba-zata. Babban kuskuren iyaye shi ne alkawarin "in ba ka ji daɗi ba zan aiko a ɗauko ka". Yaron da aka yi wa wannan alkawari ba ya ƙoƙarin sabawa, jiran mota yake yi. Ki ce masa zai yi kewa, za ta wuce, kuma in ta taso ya shiga cikin abokai ko ya faɗa wa malaminsa. A mako na biyu ya je ya kwana biyu a gidan gwaggonsa ko kawunsa ba tare da kiran waya ba. A na uku ya kwana a tsakar gida ko baranda, a kan shimfiɗar da zai tafi da ita, a kashe fitila, ya tashi fitsari da tocilarsa. Ya wanke kamfai da safa da kansa, ya yi wanka da rabin bokiti. Ku zauna da kalanda ku ƙirga kwanakin tare, ya ga cewa suna da iyaka. Ranar tafiya a yi addu'a, a gajarta sallama, ki riƙe hawayenki har motar ta tashi, domin yaron da ya bar mahaifiyarsa tana kuka yakan tafi da damuwarta a kan tasa. Waya ba ta da amfani a hannunsa, yawancin sansanoni ma karɓewa suke yi, kuma jin muryar gida da dare yakan tayar da kewar da ta kwanta. Ki riƙa jin labarinsa ta bakin malami. Sai dai akwai bambanci tsakanin kewa da matsala: in ya wuni bai ci abinci ba, ko ya ambaci wani yana dukansa ko yana taɓa shi, wannan ba abin a ce ya yi haƙuri ba ne, a tashi a je.

In yana fitsarin kwance, ki sanar da malami ɗaya a asirce, a ba shi wurin kwana kusa da ƙofar tanti, ya rage shan ruwa awa biyu kafin barci, a tashe shi sau ɗaya cikin dare, a ƙara masa kayan barci saiti na biyu da shimfiɗar roba.

Ki tambayi tsarin salla da wanda zai riƙa tashin su da asuba. Ya tafi da ƙaramar buta, da sallaya marar nauyi, da jallabiya ɗaya a leda. A hanya ana ƙasaru, amma a mazhabar Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri yakan cika salla, don haka da sun sauka za su koma cikawa. Ya koyi taimama kafin ya tafi. Ga iyayen da 'ya mace za su tura, ƙarin abu uku: a tabbatar akwai malamai mata da za su kwana a ɓangarensu, hijabin ya zama gajere mai saurin bushewa wanda ba zai sarƙe da igiya ko ƙaya ba, kuma in ta kai shekara 10 a sa mata audugar mata a yi mata bayani ko da ba ta fara al'ada ba.

Aikinki bai ƙare ranar da ya dawo ba. Ki bar shi ya yi barci, tambayoyi su biyo baya a hankali, ki saurari abin da ya faɗa da wanda ya yi shiru a kai. A wanke kayansa duka a goge su da dutsen guga mai zafi, har kamfai da safa, saboda akwai ƙudan da ke yin ƙwai a kan jiƙaƙƙen tufafin da aka shanya a ƙasa ko a inuwa, tsutsarsa ta shiga fata. In kika ga ƙurji kamar maruru mai ɗan rami a tsakiya, a toshe shi da basilin, tsutsar takan leƙo don neman iska, kada a matse da ƙarfi. Zazzaɓin cizon sauro ba ya bayyana sai bayan aƙalla kwana 7 da cizo, wani lokaci har wata guda, don haka duk zazzaɓin da ya zo cikin wannan tsakani a yi gwajin jini a ranar, kafin a ba da magani. Tsargiya ta fi jinkiri: jini a ƙarshen fitsari yana iya fitowa bayan wata biyu ko uku, lokacin da kowa ya manta da tafiyar. In haka ta faru, ki faɗa wa likita inda yaron ya je, da watan da ya je, da ko ya shiga ruwa.